Gizo a Kadunar 2099: sabon jarumi ne ko tsohon ne ya sauya riga?

Sadiq_Zane:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata magana ce ta hana ni sukuni kwana biyun nan. Wata uku ke nan ina zana wani komik, na kai shafi 14. Gizo na ɗauko, Gizon tatsuniya da muka sani, na kai shi Kaduna ta shekarar 2099. Na yi masa baƙin sulke mai jan zare a ƙirji, idanu takwas masu haske, yana lilo tsakanin dogayen benaye daga Kawo har Kakuri. Jiya na nuna wa yayata, ta duba ta duba, ta miƙo mini ta ce wannan ai Spider-Man ne ya sha rini. Tun daga nan jikina ya yi sanyi, ko fensir ban sake taɓawa ba.

Tambayata ita ce: in an ɗauki jarumin da kowa ya sani an jefa shi shekaru masu yawa gaba, me ya kamata ya canza, me ya kamata ya tsaya yadda yake? Ko dai su Spider-Man 2099 da Batman Beyond ma sauya riga kawai aka yi musu, ni ma in ci gaba da nawa ba kunya?

Abba_Kawo:
Wa alaikumus salam. Wallahi yayarka ba ta da tausayi. Turo shafin mu gani tukuna kafin a yanke maka hukunci.

Sadiq_Zane:
Ga na 3 da na 9 nan. A yi haƙuri da hoton, da fitilar waya na haska, an ɗauke wuta tun la'asar.

Ummi_Malali:
Hannunka yana da tsabta, wannan kam ba musu. Amma Yaya ta fi ka gaskiya. Ka rufe sunan garin da ka rubuta a saman shafin ka nuna wa kowa, ba wanda zai ce Kaduna ce. Gadar Kawo kaɗai na gane, ita ma don ka liƙa mata allo ne. Zanen aro ba ya rufe katara, Sadiq, ko na ɗaurawa ne ko na takarda.

Baban_Hanif:
Sadiq ƙanina, bari in fara gyara maka abu ɗaya, don na ga alama fim ɗin Spider-Man na 2023 ka kalla, littafin ba ka karanta ba. Spider-Man 2099 ba sauya riga ba ne ko kusa. A 1992 kamfanin Marvel ya fito da shi, Peter David ya rubuta, Rick Leonardi ya zana. Abu na farko da suka yi, sun ajiye Peter Parker, wato Spider-Man na asali, gefe gaba ɗaya. Wanda ke cikin kayan wani mutum ne daban, Miguel O'Hara, masanin ƙwayoyin halitta a wani katafaren kamfani mai suna Alchemax.

Duba bambancin. Parker maraya ne, talaka, kullum yana fama da kuɗin haya, gizo-gizo ya cije shi bisa tsautsayi. Miguel kuwa babban ma'aikaci ne mai ji da kansa, yana cin albashin mutanen da su ne azzaluman labarin. Da aka gwada aikinsa a jikin wani mutum, mutumin ya mutu, sai ya ce ya bar aiki. Ubangidansa Tyler Stone ya zuba masa wata ƙwaya a abin sha, aka ce masa in ta kama jiki ba ta saki, kuma kamfanin kaɗai ke da izinin sayar da ita. Ka ga an ɗaure shi ke nan ba igiya. Garin neman wanke jikinsa da injin da ya ƙera, wani abokin aikinsa mai hassada ya murɗa injin, ya fito rabin halittarsa ta gizo-gizo ce: farata a yatsu, fiƙa mai dafi a baki, ido mai gudun haske.

Sannan ka dubi garin. New York ta koma Nueva York. Masu hali sun ɗora gininsu a kan tsohon gari sun haye sama, marasa shi suna can ƙasa cikin duhu. 'Yan sandan ma mallakar kamfani ne. Wato abin da ke ba Amurkawa tsoro a lokacin, kada kamfani ya fi gwamnati ƙarfi, shi aka ɗauka aka hura har ya kumbura, aka manna masa lamba 2099. Benayen nan da ka kwaikwaya aiki suke yi a labarinsu. A naka wane aiki suke yi? Kai me Kaduna ke tsoro?

Abba_Kawo:
Baban Hanif ka tsallake wurin da ya fi daɗi, inda daga baya Miguel ya gano Tyler Stone ɗin nan ne mahaifinsa. Ni a nan na ajiye littafin na yi salati.

Baban_Hanif:
Da gangan na tsallake, kai ka ɓata wa yaro labari.

Zee_Barnawa:
Ni Batman Beyond ya fi kwanta mini, kuma hanyarsa daban ce da wadda Baban Hanif ya kawo. A can ba a kawar da tsohon jarumin ba. Bruce Wayne, wato Batman na asali, yana nan da ransa, ya tsufa, yana dogara sanda, shi da karensa a ƙaton gida. Abin da ya sa ya ajiye kayan ma shi ne ciwon zuciya ya kama shi ana tsakiyar faɗa, har sai da ya ɗauki bindiga ya nuna wa wani don ya tsira, abin da ya rantse ba zai taɓa yi ba. Daga ranar ya rufe kogon da yake ajiye kayan Batman. Sai ga Terry McGinnis, ɗan sakandare mai zafin kai da aka kashe wa uba, ya saci kayan. Tsohon yana zaune a gida yana masa magana a kunne, yaron yana waje yana shan duka. Daɗin labarin duk a tsakaninsu yake, kamar tela da yaron shagonsa: wannan ya san aiki ba ƙarfi, wancan ga ƙarfi ba haƙuri.

Nura_Mando:
Anti Zee, amma Batman Beyond ba komik ba ne tun asali fa. Katun ne na talabijin da aka fara a 1999, su Bruce Timm da Paul Dini da Alan Burnett. Daga baya ne littattafan suka biyo baya. In tsohon Batman ake nema a takarda, The Dark Knight Returns na Frank Miller ne, 1986, inda Bruce yake da shekara 55, ya dawo bayan shekara goma da yin murabus.

Zee_Barnawa:
Na sani Nura, ban ce komik ne ya fara ba. Sadiq ne ya ambace shi, ni kuma na amsa. Kai dai ba ka ganin rami ka wuce sai ka leƙa.

Malam_Tukur:
Salamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Matsalar Sadiq ba 2099 ba ce. Matsalarsa Gizo.

Yaushe Gizo ya zama jarumi? Ku tuna tatsuniyoyin da aka yi muku a tsakar gida. Gizo makwaɗaici ne, maƙaryaci, rago. Ba ya noma sai dai ya ci na wani. Ba ya kokawa da zaki ko giwa, haɗa su yake yi da juna ya koma gefe. Sau da yawa dabararsa kan juye masa ya kwana da duka. Ga tsamin baki, kakata in za ta yi muryarsa a gaban sarki sai ta ce "yanka ya daɗe", mu yi ta dariya har hawaye. Wannan ne Gizo. Kai kuma ka ba shi faffaɗan ƙirji, ka sa ya tsaya a kan bene yana hangen gari kamar mai gadin al'umma. Ka cire masa duk abin da ya mai da shi Gizo, ka bar sunan. Dole yayarka ta ga Spider-Man, don shi ne kaɗai ya rage a takardar.

Kuma abin da ya ba ni mamaki, harshenmu ya riga ya yi maka rabin aikin ba ka lura ba. Me muke kiran intanet? Yanar gizo. In abu ya bayyana maka alhali ba ya nan, mukan ce yana yi mini gizo. Launukan da ke fitowa a sama bayan ruwa, bakan gizo. To mutumin da sunansa ke kan yanar da duniya duka ta rataya a jikinta, me zai kai shi lilo da zare a titi? A 2099 gidansa ne kowa ke ciki. Yana iya sa ka ga abin da babu, yana iya juyar da kuɗin wani zuwa aljihun wani, yana iya haɗa manyan gari biyu faɗa da saƙo ɗaya. Ba sai ya ɗaga hannu ba.

Ummi_Malali:
Malam Allah ya ƙara basira. Yanar gizo! Kullum muna faɗa, ban taɓa tsayawa na ji kalmar ba.

Abba_Kawo:
Malam da girmamawa, amma in aka bi taku, ɗan damfara za a zana mana ke nan yana zaune gaban kwamfuta shafi 30. Wa zai saya? Yara don naushi da tsalle suke buɗe komik. Shi kansa Miguel ɗin da ake ta yabo, rabin masu sonsa don rigar nan mai zanen ƙoƙon kai suke sonsa, ba su san wani Alchemax ba. Kada ku sa yaro ya jefar da abin da ya iya ya koma rubuta lacca.

Malam_Tukur:
Abba, ai tatsuniyar ma ba a zaune take ba. Ana bin Gizo da gudu, yana faɗawa rijiya, yana shiga cikin giwa. Gudu da ɓuya da kubcewa duk motsi ne. Abin da na ce shi ne kada ya ci nasara da ƙwanji.

Dan_Panteka:
Ni ban yi karatun komik da yawa ba, walda ce sana'ata, amma na ga shafi na 9 na yi dariya. Oga Sadiq, wannan sulken naka in mutum ya sa shi a watan Maris a Kaduna, kafin ya kai Mando ya dahu. Baƙi ne, ya rufe ko'ina, ba ko ƙofar iska. In hunturu ya zo kuma, ƙura za ta toshe idanun nan takwas cikin awa ɗaya.

Sannan wa ya ƙera masa? Su can suna da attajiri ko kamfani. Mu nan in ka ce yaro ya samu irin wannan kaya, kowa ya san inda zai fito: Panteka, kasuwar masu ƙira da tarkace. Tsohuwar fankar injin, batirin sola da aka yar, sarƙar babur, gilashin waya da ya fashe. Ka sa kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya girma don ba a samu iri ɗaya ba. Ka sa tabon walda ya fito. Ka sa wani lokaci abin ya ƙi tashi sai an buga shi da tafin hannu. Duk ɗan Kaduna da ya gani zai ce wannan namu ne, ba sai ka rubuta masa ba.

Maganar lilo kuma, garinmu a shimfiɗe yake. Da me zai rataya? Turakun wuta, ƙarfen sabis, tankunan ruwa, layin dogo daga Rigasa. Ko ya maƙale a bayan jirgin ƙasa. Ka zo shago ranar Asabar in nuna maka tarkace, ka ɗauki hoto son ranka.

Sadiq_Zane:
Oga Dan Panteka wallahi ka kashe ni da maganar watan Maris. Zan zo in sha Allah. Amma shekara saba'in da wani abu fa ake magana, ba za a yi benaye ba har lokacin?

Injiniya_Hauwa:
Za a iya yi, amma ka tambayi kanka me ke sa gari ya yi sama. Manhattan tsibiri ne, ruwa ya kewaye shi, fili ya ƙare, dole a hau. Kaduna ba abin da ya tare ta, shi ya sa take ta bazuwa, ta Rigachikun, ta Millennium City, ta hanyar Abuja. In ka bi yadda take tafiya, Kadunar 2099 mai faɗi ce, ba mai tsawo ba. Ni abin da zan sa ido a kai shi ne kogin. Sunan garin ma daga kadunan cikinsa ya samo asali. Duk damina mai ƙarfi sai ya shiga gidajen da ke bakinsa. Ka yi tunanin ruwa ya zama abin da ya fi komai tsada, wani ya mallaki kogin, yana sayar da shi da mita. Ga Alchemax ɗinka nan ba ka aro daga kowa ba.

Dan_Kakuri:
Baban Hanif ya yi tambaya ba wanda ya amsa: me Kaduna ke tsoro? Bari in amsa da nawa. Mahaifina ya yi shekara 19 a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Ina yaro, in aka tashi daga aiki, kekuna ne ke cika titi har ba ka iya tsallakawa. Masaƙa ta farko a 1957 aka buɗe ta, garin nan da zare ya girma. Ranar da aka rufe tasu, ya dawo gida da katin aikinsa a aljihu, bai sake zancen ba har ya rasu. Yanzu ka bi ta wajen ka ga ciyawa ta fi mutum tsawo a cikin harabar.

To ni in na ji an ce Gizo, mai saƙa nake ji. Gizo-gizo ai masaƙi ne. Me zai hana naka ya zama jikan ma'aikacin masaƙa, yana kwana a cikin kangon, ya tayar da tsofaffin injinan yana saƙa zaren da ba a taɓa gani ba? Tsoronmu ba kamfani ya yi ƙarfi ba ne kamar na Amurkawa. Mu tsoronmu kamfani ya tattara ya tafi ya bar mu da kango.

Abu na biyu kuma kowa ya sani ko ba a faɗa ba. Tun rikicin shekarar 2000 kogin nan ya koma kamar iyaka, kowa ya ja nasa ya koma ɓangarensa. Wanda zai saƙa zare daga wannan gaɓa zuwa waccan, ni a wurina ya fi mai tsalle kan bene.

Mai_Zaure:
Dan Kakuri Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Maganarka ta biyu gaskiya ce kuma tana cikin batun, amma ina roƙon 'yan zaure a tsaya kan labarin Sadiq. Duk wanda ya mayar da ita zancen su wane da su wane, zan goge.

Zee_Barnawa:
Amin. Ni a Barnawa nake, ƙawayena rabi suna Unguwar Rimi, gadar nan nake hawa kullum. In Sadiq ya zana ta da kyau ni kaɗai zan sayi biyar.

Abu_Sumayya:
Ni tambayata daban ce. Wa ya ba mu tabbacin 2099? Gobe ma ba mu san abin da za ta zo da shi ba. Mutum ya zauna yana zana abin da zai faru bayan shekara saba'in, ba shiga gaibu ba ne wannan?

Malam_Tukur:
Malam Abu Sumayya, fatawa ta malamai ce, ni malamin Hausa ne kawai. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya ce "kaza zai faru" da wanda ya ce "ga ta nan ga ta nanku". Na biyun ya sanar da kai tun farko cewa ƙirƙira ce, in ya gama ma yakan ce ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Kuma ba yau Bahaushe ya fara irin wannan ba. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, yaro ya yi tafiya sararin samaniya, an karanta shi a makarantu.

Abu_Sumayya:
Na ji, Allah ya sa mu dace. Ni dai a sa "in sha Allah" a wani wuri.

Nura_Mando:
Wannan ya tuna mini wani abu. Me ya sa ma 2099? Lambar Marvel ce fa, har jerin littattafai suka yi da ita, su Doom 2099 da Punisher 2099 da X-Men 2099. Kana sa ta ka riga ka ce wa mai karatu ga wanda nake bi. Shekara ta 1500 bayan Hijira za ta kama ne a ƙarshen 2076. "Gizo 1500" ya fi daɗin faɗa. Ko 2117, lokacin da Kaduna za ta cika shekara 200 da zama hedikwatar Arewa bayan an taso daga Zungeru a 1917.

Ummi_Malali:
Gizo 1500 ya yi. Sai dai wani zai zaci farashin ne.

Alhaji_TudunWada:
Yara kuna ta ambaton na Amurka kamar nan ba a taɓa yi ba. Muna samari akwai Powerman, a 1975 ya fara fitowa a Najeriya, baƙar fata ne mai ƙarfi kamar Superman. Mukan haɗa kuɗi mu saya, ya zaga aji har ya yage. Sai da na girma na ji cewa Turawan Ingila ne ke zana shi, Dave Gibbons da Brian Bolland. Mun so shi sosai, amma ko a lokacin mukan ji garin da yake ciki ba namu ba ne, ba na kowa ba ne ma. Abin da Ummi ta gaya wa Sadiq ke nan, shekara hamsin bai canza ba.

Zee_Barnawa:
Alhaji ran ka ya daɗe, na yanzu ma suna nan. Roye Okupe ya fitar da E.X.O. a 2015, yaro mai sulken ƙarfe a wani birni da aka kwaikwayo daga Legas, ya sa labarin a 2025. Shi ne kuma ya yi Malika, wadda ya ɗauko daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Ga kamfanin Comic Republic na Jide Martin da jaruminsu Guardian Prime. Ga katun ɗin Iwájú da kamfanin Kugali suka yi da Disney a 2024, Legas ta gaba, masu kuɗi a tsibiri, talakawa a tsallake. Kun lura? Amina tamu ce, Zariya ga ta nan kusa, amma wani ne daga kudu ya fara kai ta komik ɗin da duniya ta gani. Ban ce ya yi laifi ba, mu ne muka yi barci.

Baban_Hanif:
E.X.O. ɗin nan darasi ne kan maganar Nura. Shekara goma kacal ya tura labarinsa gaba, ga shi 2025 ta zo ta same mu ba mu ga sulke ba. In ka sa kusa, lokaci zai kama ka. In ka sa nesa ƙwarai, kamar komik ɗin Legion of Super-Heroes da aka kai ƙarni na 30, ba abin da ya rage da mai karatu zai gane. Shekara hamsin zuwa ɗari ita ce daidai: jikokinmu ne, za su iya tuna sunanmu, amma ba za su ji maganarmu ba.

Fati_Kabala:
Ina ta jira wani ya tambaya, shiru. Ina Ƙoƙi? An ce tatsuniyar Gizo ba ta wuce Ƙoƙi, amma shafi 14 ba ta ko leƙo ba? A tatsuniya ita ce mai haƙuri, ita ke gargaɗinsa, ita ke kwashe ɓarnar da ya yi. In ana son abin da zai canza bayan shekara ɗari, to ga shi: ta gaji. Ku bar Gizo a yanarsa yana ƙulle-ƙulle kamar yadda Malam ya ce, ita ta sa kayan Panteka ta fita titi. Ƙoƙi ai ƙwaro ce mai hannaye kamar lauje, Abba ga naushin da kake nema. Sai ya zama shi yana mata magana a kunne kamar tsohon Bruce, sai dai ita ba ta san ko gaskiya yake faɗa mata ba, don Gizo ne.

Abba_Kawo:
To wannan kam zan saya. Amma sunan littafin ya koma Ƙoƙi ke nan, Sadiq ya yi asarar jaruminsa.

Dan_Panteka:
Hannun lauje ya fi sauƙin ƙerawa ma. Sifirin ɗin mota za a yanka.

Nura_Mando:
Wani abu da ba a taɓa ba: wace Hausa za su yi? A littattafan 2099 marubutan sun ƙirƙiro musu kalmar ashar tasu ta kansu, don a ji zamani ya juya. Hausar Kaduna ta yau ma kakanninmu ba za su gane rabinta ba. Sadiq kada ka sa su yi Hausar littafin makaranta, amma kada ka cika ta da Turanci ka ce ita ce gaba. Ka ƙirƙiro kalma uku ko huɗu ka bar mai karatu ya gane su da kansa. Kuma don Allah ka sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ. A shafi na 3 ka rubuta "kasa" inda kake nufin "ƙasa", sai jarumin ya zama ya gaza maimakon ya sauka.

Sadiq_Zane:
Na gani, kunya ta kama ni. Manhajar da nake rubutu da ita ce ba ta da su, da hannu zan riƙa sawa.

Jama'a na gode ƙwarai, ban zaci abin zai kai haka ba. Gaskiya kaina ya rabu biyu. Maganar Malam Tukur da ta Anti Fati ta shige ni, ta Dan Kakuri kuwa har yanzu ina jin ta a ƙirji. Amma wata uku na yi a kan shafukan nan, kuma abin da ya sa na fara zane tun ina firamare shi ne in ga mutum yana shawagi a sama. In na cire wannan ban san ko zan iya kai shafi 30 ba.

Abba_Kawo:
Kada ka cire. Naka ne. Kowa a nan ya ba ka labarin da shi yake so ya karanta, ba wanda zai zauna ya zana maka.

Ummi_Malali:
Abba ba wanda ya ce ya daina shawagi. Cewa aka yi in ya leƙo ƙasa mu ga Kasuwar Bacci, ba New York ba.

Baban_Hanif:
Ka ajiye shafukan 14, kada ka yaga. Ka zana shafi ɗaya tak na sabon, ka kai wa yayarka su biyun ba tare da ka ce komai ba. Ita ta fara gano ciwon.

Malam_Tukur:
In ka tashi yin muryar Gizo ka neme ni, akwai tatsuniyoyi shida da na rubuta daga bakin wata tsohuwa a Zariya, biyu ban taɓa jin su a wani wuri ba.

Dan_Panteka:
Asabar bayan azahar ina shago. Ka zo da takalmi rufaffe, akwai ƙusoshi a ƙasa. Anti Fati, hannun Ƙoƙin nan guda nawa ne, biyu ko huɗu? In san sifirin nawa zan ware.

Fati_Kabala:
Biyu na faɗa, biyu na riƙe waya. Ai dole ta riƙa kashe wa Gizo kira.